Doguwar Kalma Ba Ta Cizo

Yaro in ya ga kalmar Turanci ta cinye rabin layi, sai gabansa ya faɗi, ya haɗiye ta a gurguje ya wuce. Ni kuwa na daɗe da alli a hannu, kuma a ganina doguwar kalma ta fi kowace sauƙin hali. Yawancin dogayen kalmomi ɗinki ne, an harhaɗo ƙyallaye daga Girkanci da Latin, kowanne da ma'anarsa. Ka ɗauki antidisestablishmentarianism mai harufa 28, wadda ta fito daga gardamar raba cocin Ingila da gwamnati. Nakan sa yaro ya rufe ta da tafin hannu, yana janyewa a hankali: anti, dis, establish, ment, arian, ism. Kafin ya ankara ya haye. Har ƙasaitacciyar nan mai harufa 45 da ta fara da pneumono, sunan ciwon huhu na shaƙar ƙurar dutse, wadda shugaban wata ƙungiyar masu kacici-kacici ta Amurka ya ƙirƙira a 1935, babbar muguntarta harafin p na farko ne da ba a furtawa.

Inda ake tuntuɓe daban ne. Kunnen Bahaushe ya saba da karin sauti da tsawon wasali, kowace gaɓa a ba ta haƙƙinta. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa, sauran ya murƙushe su. A photograph nauyin yana gaɓar farko, a photography ya koma ta biyu, a photographic ya zauna kan ta uku. Mutum ya furta kowane harafi tsaf amma ya ɗora nauyin inda bai dace ba, sai mai sauraro ya ce, me ka ce? A comfortable ido yana ganin gaɓa huɗu, baki yana faɗin uku. Garin Leicester kuwa, duk tsawonsa, Lesta ne kawai.

Sannan harshenmu ba ya yarda baƙaƙe su cunkushe a farkon gaɓa, sai ya tsarma wasali. Haka muka sami burodi da sukurudireba, kuma ba na ganin laifin wannan ko kaɗan, Hausa ce lafiyayya. Amma ranar jarrabawar furuci, wadda ta fi sa ɗalibaina zufa ita ce strengths: harufa 9, wasali ɗaya, gaɓa ɗaya tak.