Fakku, a Bakin Gulbin Ka

Duk sanda na ce wa mutum ni ɗan Fakku ne a Ƙaramar Hukumar Kebbe, sai ya ce, "Ashe kai mutumin Jihar Kebbi ne." Na sha gyara wannan kuskure, kuma ba zan daina ba. Kebbe daban, Kebbi daban. Mu 'yan Jihar Sakkwato ne, can ƙuryar kudu, inda jihar ta zura ƙafa tsakanin Zamfara da Kebbi. A da babu mai wannan ruɗani, domin daga Gusau har Yawuri jiha guda ce. Aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, sai muka wayi gari a bakin iyaka alhali ko murhu ba mu gusar ba daga inda kakanni suka kafa shi. Jega da Koko sun fi kusa da mu a kan birnin Sakkwato, kuma da mutanensu muke cin kasuwa, muke auratayya.

Amma abin da ya raini Fakku shi ne gulbi. Gulbin Ka daga ƙasar Zamfara yake tasowa, ya miƙo yamma, ya wuce ta wajenmu, ya je ya zuba a Gulbin Sakkwato kafin su faɗa Kwara tare. Ƙasarmu kwari ce, shimfiɗaɗɗiya. Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, ruwa kan cika ya malale fadama, wata shekara ya yi gyara, wata shekara ya kwashe shinkafa tana gab da fitar da kai. Manomin fadama ya san da wannan tun ran da ya yi shuka, shi ya sa ba ya sakin gonar tudu, inda gero da dawa da wake suke. Kawuna kan ce mini, "Ɗana, rumbu na tudu ne, aljihu na fadama." Sai da na girma na gane maganar: tudu ke ciyar da gida, fadama ke aurar da 'ya, ta sayi sa, ta kai mutum Makka.

Lokacin da na fi ƙauna shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ya janye ya bar laka mai taushi. Nan za ka ga fangalin albasa da tattasai kore shar a tsakiyar hunturu, injin ban-ruwa na ruri a inda iyayenmu suka yi fama da jigo. Masunta na jan taru a guraben da ruwa ya kwanta. Fulani na gangarowa da shanu mashaya, a ba su kara su bar taki. Rigima kan taso a kan burtali, ba na musun haka, amma dattawa kan zauna su kashe ta kafin rana ta faɗi.

Muna da tarihi ma. Tambuwal, wadda muke mazaɓa ɗaya da ita a Majalisar Wakilai, gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan mazaɓa ta Kebbe da Tambuwal ita ta ba Najeriya Kakakin Majalisa daga 2011 zuwa 2015, wato Aminu Waziri Tambuwal.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yau idan ka ji sunan yankinmu a rediyo, galibi labarin 'yan bindiga ne. Akwai gonakin da masu su ba sa iya zuwa, akwai iyalan da suka koma zaman gidan dangi a wasu garuruwa. Manomin da bai taɓa gudun ambaliya ba, yanzu ƙarar babura da dare ke hana shi barci.

Da na je gida bara, na tarar kawu ya rage fangalinsa zuwa na kusa da gari. Na ce, "Kawu, na can gindin gulbi fa?" Ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya ce irin albasar yana nan a ajiye cikin ƙwarya, in Allah ya kawo lafiya bana zai koma.