WAYA TAKA CE, AMMA MAKULLIN NA HANNUN WA?

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da Microsoft ta daina sabunta Windows 10 kyauta, samarin da ke ɗaukar bidiyon biki da walima a yankinmu na Gwarzo da Kabo suke ta muhawara: a sayi MacBook ne ko a ci gaba da lallaɓa tsohuwar laftof? Yawancin kwamfutocin da ke hannunsu na gwanjo ne da aka sayo a Titin Beirut, kuma da damansu Windows 11 ba ta karɓarsu saboda tsufa. Ni dai a nawa ganin, akwai tambayar da ta kamata a fara yi kafin wannan.

Duk wanda ya riƙe waya shekara goma sha biyar baya ya san Nokia da Symbian, ya san lokacin da ake tinƙaho da lambar BBM. Ina suke yanzu? BlackBerry ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. WhatsApp ya daina aiki a Windows Phone a ƙarshen 2019. Wayoyin lafiyarsu ƙalau, masu manhaja ne suka janye hannu.

Na Huawei ya fi ban tsoro. A Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka hana hulɗa da su, sai sababbin wayoyinsa suka fara fitowa babu Play Store, babu manhajar YouTube da Gmail. Su da yake suna da ƙarfi, suka gina tasu babbar manhajar, HarmonyOS. Mu kuwa Tecno da Infinix da itel ne a aljihunmu, duk na kamfanin Transsion na Sin. HiOS da XOS da kake gani a kansu riga ce kawai, a ciki Android ce ta Google. Haka CapCut da yaranmu suke tace bidiyo da ita, ta ByteDance ce, masu TikTok, kuma a Janairun 2025 ta ɗauke a Amurka na ɗan lokaci saboda rikicin doka. Mu ma nan an rufe mana Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda ya hau dokin aro, duk ranar da mai shi ya zo sai ya sauka.

Gaskiya Mac tana da abin yabo. Tun da Apple ta fito da M1 a 2020, laftof ɗinta ba ta cin wuta, batirin yana jimawa. Ga mai aiki a Getso ko Garo, inda wuta sai an ga dama kuma man janareta ya yi tsada, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa Final Cut Pro a kayan Apple kaɗai take aiki. Idan ka saba da ita, ka shiga gidan da fita ke da wuya. In allon ya fashe, sai ka hau mota zuwa Kano, kuma kuɗin gyaran zai iya cinye ribar bukukuwa da yawa.

Premiere Pro kuma tun 2013 Adobe ta mayar da ita ta haya, biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara, ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023. Shi ya sa ake ta sa na sata, waɗanda kan zo da ƙwayar cuta su lalata aikin mutane. Bikin 'yar wani fa ba a sake shi.

Shawarata ga ƙannena masu wannan sana'a: ku koyi manhajar da ba ta ɗaure ku a gida ɗaya. DaVinci Resolve tana da ta kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ta kyautar a Linux ba ta buɗe irin bidiyon da wayoyinmu ke ɗauka sai an juya shi. Mai tsohuwar laftof ya gwada Linux Mint da Kdenlive ko Shotcut, ba a biyan ko kwabo. Sannan duk abin da ka ɗauko ka ajiye asalinsa a wuri biyu da ke hannunka, kada ka dogara da abin da ka ɗora a intanet.

Masana'antar Kannywood da kaset ɗin bidiyo ta fara, lokacin da aka yi Turmin Danya a 1990. Kaset ya wuce, faifan CD ya wuce, waɗanda suka iya tsara labari da ɗaukar hoto mai kyau har yau suna cin abinci. Kuɗin da za ka ranto don MacBook, gara ka fara sayen makirfo mai kyau da ɗan sola.

Masu sana'ar, da me kuke aiki a wajenku? Allah Ya sa albarka a nema.