Romo a Cikin Ƙulli

Sau biyu aka ajiye masa kwandon goran nan a gabansa, a garuruwa biyu, kuma tsakanin na farko da na biyu akwai wata biyar na zaman da ba shi da daɗi.

Saurayin ɗan Damagaram ne. Yana yaro aka buɗe matatar mai ta Soraz a arewacin garin, a shekarar 2011, ya tashi yana ganin Sinawa suna kai da kawo cikin manyan motoci. Da ya gama lise ya samu bursu, aka tura shi birnin Shi'an na ƙasar Sin karatun aikin haƙo man fetur. Malamin da ke duba aikinsa dattijo ne haifaffen Shanghai, mai ƙarancin magana, kuma sai da sa hannunsa ake sabunta bursun kowace shekara.

Wani taron ilimi ne ya kai su Shanghai. Da aka tashi, dattijon ya ja ɗalibansa zuwa wani tsohon gidan abinci kusa da lambun Yu, wanda aka buɗe tun 1900, suka bi layi kusan sa'a guda. Abin da ake yi wa layin shi ne shiyawlonbaw: ƴan ƙulle-ƙulle na garin alkama, kowane bai wuce girman goro ba, an naɗe bakinsu kamar bakin zabira, an turara su cikin kwandon gora yadda ake turara dambu a madambaci. A ciki akwai nama, akwai kuma romo. Dattijon ya sa tsinkayensa ya ɗauko na farko, ya ɗora a cokalin baƙon da ya fi kowa nisan gida. A wurinsu wannan girmamawa ce babba.

Saurayin ya raɗa wa na kusa da shi tambaya, aka raɗa masa amsa: alade. Sai ya dafe ciki ya ce ba ya jin daɗi. Ƙullin ya huce a cokali har aka tashi. Ba a yi sa'a guda ba malamin ya hango shi a bakin titi yana gaigayar dafaffiyar masara.

Ba don raini ya yi ƙaryar ba. A gidansu yaro ba ya duban idon babba ya ce masa abincinka haram ne gare ni. Sai ya kewaya, babban kuma ya gane kewayen, a rufa wa juna asiri. Amma kunya harshe ce, sai da mai jin ta. Inda ba a jin ta, kamanninta da ƙyama ba su da nisa. Dattijon bai ce komai ba, kuma shirun ne ya fi nauyi. Gyaran da yake yi wa aikin saurayin ya koma gajere, gaisuwa ta koma ɗaga kai. Ko fushi ne, ko kuwa yaron ne ke karanta laifinsa a fuskar mutum, shi kansa ya kasa rarrabewa. Ya sha tsayawa a ƙofar ofis da niyyar bayani, ya juya.

Wata ranar Disamba da yamma, sanyi na yanka kunne, malamin ya leƙo ɗakin gwaji ya ce masa ya ɗauko rigar sanyinsa. Suka sauka daga bas a gindin Hasumiyar Ganga, wadda aka gina a 1380, suka shiga titin Beiyuwanmen da ke bayanta. Unguwar Musulmi ƴan ƙabilar Hui ce, masu fararen huluna, babban masallacinsu na cikin wani lungu kusa, kuma a bisa abin da suka gada tun shekarar 742 aka aza harsashinsa. Hayaƙin tsire ya cika titin. Saurayin ya san unguwar, nan yake zuwa Juma'a, amma bai taɓa shiga gidan Jiya San ba, duk da sunan da ya yi wajen irin wannan abinci. Tun abin da ya faru a Shanghai ya daina yarda da duk abin da aka ƙulle bakinsa.

A saman ƙofa akwai haruffa biyun da ke nufin halal, malamin kuwa ya fi shi iya karanta su. Duk da haka, da mai kawo abinci ta iso da ɗankwalinta, sai ya tambaye ta da ƙarfi, a hankali, yadda baƙo zai ji: mene ne a ciki? Ta ce wannan kwando na rago ne, wannan na sa. Ya sake tambaya: romon fa? Ta ce na ƙashin shanu. Bai ɗora masa ko ɗaya a cokali ba wannan karon. Ya tura kwandon tsakiya, ya naɗe hannu.

Garaje ya sa saurayin ya jefa guda ɗungurungum a baki. Romon ya fashe, ya ƙone masa harshe, saura ya gangaro kan riga. Ranar ya fara jin dariyar malaminsa. Dattijon ya nuna masa: a kama ƙullin ta wajen naɗin, a ɗaga sannu kada gindin ya yage, a zaunar a cokali, a ɗan ɓula gefe da haƙori, a bar tururi ya fita, a kurɓe romon, sannan a tsoma saura cikin baƙin ruwan tsami da yaji. Can ya jefo tambaya irin ta jarrabawa: injiniya, ta ina ruwa ya shiga, alhali babu kafa?

Saurayin ya yi shiru, sai tukunyar mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai, ta kai da ƙafa da ake kwana ana dafawa bayan layya. Shekarar da sallar ta faɗo cikin ɗari, da safe romon kan daskare har a yanka shi da cokali, sai ya ji wuta ya koma ruwa. Ya ce: «Malam, ba ruwa aka zuba ba. A sandare aka ƙulle shi, tururi ya narkar.»

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce a Shanghai da fatar alade ake daskarar da shi, haka mahaifiyarsa ke yi. Karon farko ke nan da sunan dabbar ya fito tsakaninsu, kuma rufin ɗakin bai faɗo ba.

«Da ka faɗa mini tun can.»

«Nauyinku na ji, Malam.»

«Ni kuwa na zaci hannuna ne ka ƙi.»

Bai ƙara a kan haka ba. Ya koma ƙorafin cewa mutanen Shi'an sun cika yaji, a garinsu siraran citta kawai ake sa wa cikin ruwan tsamin, sannan ya sa aka kawo kwando na uku. Wajen biya saurayin ya zaro waya, dattijon ya ture masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

A hanyar komawa ya tambaye shi me ake ba baƙo a Damagaram. Saurayin ya ce kilishi, nama ne da ake fere shi siriri har in ka ɗaga shi ga rana kana ganin haske ta ciki, kuma zai kawo masa in ya dawo hutu. Malamin ya ce ƴan duwan ba sa barin nama ya shigo ƙasar, sai dai shi ya je can ya ci. Ya tambayi sa'a nawa ne a mota daga Yamai.