Maƙiyan Sauro a Gonakin Shinkafa na Kura

In mutum ya bar Kano ya bi hanyar Zariya, bayan tafiyar kilomita wajen 30 sai ya ga ƙasa ta sāke kama. Ko da tsakiyar rani ne, gonaki kore shar dama da hagun. Nan ne ƙasar Kura da Kadawa. Ruwan da ya raya wurin daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, ya biyo babbar hanyar ruwa, sa'an nan a rarraba shi cikin ƙananan magudanai har ya kai kowane fangali. Shinkafa ta kawo arziki, ba shakka. Amma inda ruwa ya kwanta, sauro yana da rabo.

Wani ɗan'uwa manomi ya zaga da mu gonarsa da hantsi, kwana goma bayan dashe. Ruwan bai wuce idon sawu ba, rana tana dukansa, ya yi ɗumi. Muka ɗebo shi da farar tasa, sai ga tsutsotsi ƙanana kwance a fuskar ruwan kamar yankakken zare. Kwanciyar nan ita ce shaidarsu. 'Ya'yan sauron da ake kira anofilis ne, mai kawo zazzaɓin maleriya, shi ne kuma yake yaɗa ciwon tundurmi a ƙasarmu. Tsutsar sauran iri takan rataye kai ƙasa. Macen ce take cizo, gama sai ta sha jini ƙwayayenta suke nuna. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 sun isa lokacin zafi.

Muka matsa zuwa wani fangali wanda shinkafarsa ta yi wata biyu, ganye ya rufe ruwa. Muka ɗeba har sau biyar, da kyar muka ga tsutsa ɗaya. Abin da tasa ta kamo dabam ne: ƙwari masu iyo a rigingine, da baƙaƙen buzuzun ruwa, da wani mummunan ƙwaro mai launin laka. Wannan ɗan mazari ne, mazarin nan mai fukafukai huɗu da yara suke kora a bakin rafi. Kafin ya yi fiffike yakan yi watanni cikin ruwa yana farauta. Yana da leɓe a naɗe ƙarƙashin kansa, in tsutsa ta gifta sai ya harba shi ya cafko ta. 'Ya'yan karfasa da suka biyo magudana su ma suna ci. Sauron da ya tsira ya fito, ga gizo-gizo yana jira a kan ganye, ga mazari da tsattsewa da rana, ga jemage da dare. Muka tsaya muna mamakin hikimar Mahalicci, wanda ya ajiye masu tsaro a wurin da ba wanda ya ɗauke su aiki.

Wani masani Bature mai suna Service ya ƙidaya wannan yaƙi a gonakin shinkafa kusa da Kisumu, a ƙasar Kenya, ya buga sakamakon a 1977. Ya tarar fiye da 90 cikin 100 na 'ya'yan sauro suna mutuwa tun ba su tashi ba, yawancinsu a bakin maƙiyan nan. Ya kuma ga abin da feshi yake yi. Magani yakan kashe sauro da maƙiyansa gaba ɗaya, amma cikin 'yan kwanaki sauro ya komo, su kuwa masu cinsa sai su daɗe ba su farfaɗo ba. Sauro ya sami gida ba mai gadi.

Wannan ya dame mu, gama a kan kunyoyi mun ga kwalaben maganin ƙwari a zube, ga samari da tankin feshi a baya. Ba mu ce manomi ya zuba ido ƙwari su cinye masa guminsa ba. Amma feshin da ake yi don an ga maƙwabci ya yi, ba tare da an duba gona ba, hasara biyu ce: kuɗi sun tafi, sauro kuma yana ta sabawa da dafin, har maganin da ke jikin gidan sauro ya rage kama shi.

Kada mai karatu ya ɗauka mazari ya isa ya tsare iyalinsa. Mace ɗaya takan zuba ƙwai fiye da 100 a lokaci guda, kaɗan ɗin da suka tsira sun isa su cika gari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke, yawancin masu mutuwa kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Makonnin farko bayan dashe su ne mafi hatsari, kafin ganye ya yi inuwa, kafin maƙiya su taru. A lokacin nan in manomi ya janye ruwa na 'yan kwanaki har laka ta sha iska, tsutsotsi da yawa za su mutu, shinkafa kuwa ba abin da zai same ta. Uwargida kuma ta duba gidan sauron yara, ta ɗinke inda ya yage, in jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar.