Jirgin da Aka Kwance wa Ɗamara

Akwai wani jirgin yaƙi da na fi shekara 20 ina tunaninsa, alhali kuwa ba a taɓa ƙera shi ba, kuma ba za a ƙera shi ba. Sunansa Fearless, wato Marar Tsoro. Na fara gamuwa da shi ne ina ɗalibi, a wajen masu gwanjon littattafai na bakin titi a Yaba, cikin wani littafi mai yagaggen bango da ake kira On Basilisk Station, wanda marubucin nan Ba'amurke, David Weber, ya fitar a 1993. Na saye shi ne don in rage dare a lokacin hutu, ban san cewa wata rana zan ga kaina a cikinsa ba, kuma a gefen da ba na so.

Rundunar da ta mallaki wannan jirgi ta wata ƙagaggiyar masarauta ce mai suna Manticore, wadda jiragenta ke kaiwa da komowa tsakanin taurari. Amma duk wanda ya karanta tarihin sojan ruwa na Ingila zai gane inda aka ɗauko tsarinta, tun daga muƙamai har zuwa ladubban gaisuwa. Marubucin ma bai ɓoye ba, domin ya sadaukar da littafin ne ga C. S. Forester, mai labaran Horatio Hornblower, sannan ya raɗa wa tauraruwarsa suna Honor Harrington, mai haruffan farko irin na wancan.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin irin jirgin da ake magana a kansa. A cikin jiragen yaƙi akwai manya, masu kaurin sulke da manyan igogi, akwai ƙanana na rakiya, sannan akwai na tsakiya da ake kira kuruza. Yarjejeniyar Landan ta 1930 ce ta raba kuruza gida biyu: wadda bakin igwarta bai wuce inci 6.1 ba, ita ce ƙarama. Aikin ƙaramar kuruza shi ne leƙen asirin abokan gaba, da raka jiragen kaya, da sintiri a wuraren da suka yi nisa da gida. Shi kansa Forester ya rubuta littafi guda a kan irinta, The Ship, a 1943, bayan ya zauna cikin wata ta gaske mai suna Penelope, wadda igoginta 6 ne masu inci 6. Wannan jirgi ya sha ruwan bama-bamai a Malta a 1942 har jikinsa ya zama tamkar rariya, daga baya wani jirgin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi a watan Fabrairu na 1944. Abin lura shi ne, ƙaramar kuruza ba ta fi kowa komai ba. Darajarta tana ga daidaito: gudu gwargwado, makami gwargwado, da juriyar daɗewa a bakin aiki ita kaɗai.

A kan wannan ƙa'ida Weber ya gina jiragen ajin Courageous, waɗanda Fearless ke cikinsu. Nauyinsa ya kusa tan 90,000, wanda a duniyar littafin ƙarami ne, kuma ya kusa shekara 80 yana aiki. Jiragen wannan duniya suna da wata kariya a samansu da ƙasansu wadda babu makamin da ke huda ta, sai kuma garkuwa a gefe biyu da ake iya karyawa in an matsa mata. Saboda haka faɗa yakan fara ne daga nesa da makamai masu linzami, sai in an matso a koma ga makaman haske. Magina na farko sun ba Fearless kasonsa na kowanne. Tsoho ne, amma ɗamararsa cikakkiya ce.

Sai ga wata babbar hafsa mai suna Sonja Hemphill, shugabar masu ra'ayin sabunta makamai. Ko sunan da aka ba ƙungiyarta an aro shi ne daga wasu hafsoshin ruwa na Faransa na wajen 1880, waɗanda suka yi imani cewa ƙananan jirage masu sabon makami za su gama da manya. Hemphill ta zo da wani makami da za mu iya kira mashi, wanda bugu ɗaya yake yi ya rushe garkuwar gefen jirgi komai girmansa. Aibinsa biyu ne. Ba ya kaiwa sai an matso ƙwarai da gaske, kuma yana cin wuri. Domin a sama masa gurbi, sai aka kwashe mafi yawan bututun harba makamai masu linzami na Fearless, da manyan makamansa na haske. A ranar da Honor ta karɓi jirgin, tana murnar samun kuruzarta ta farko, ta tarar ana cikin fiɗar sa.

Da aka fita atisaye, ta yi dabara ta laɓe, ta bari babban jirgin shugaban ɗaya ɓangaren ya zo kusa, ta soke shi. Aka yi ta tafi. Amma dabarar laɓewa sau ɗaya take ci. Daga ranar kowa ya san sirrin, sai su tsaya daga nesa su yi ta “kashe” Fearless a duk fita, shi kuwa ba shi da abin ramawa. Da kunya ta kama masu makamin, laifin bai hau kan wanda ya zana ba, ya hau kan wadda ta tuƙa. Aka tura ta Basilisk, tashar da ake jefa waɗanda aka gaji da ganinsu. Babban hafsan da ta tarar a can, Pavel Young, tsohon maƙiyinta ne, ya ɗauki nasa jirgin ya tafi gida da sunan gyara, ya bar mata aikin runduna guda da jirgi ɗaya gurgu.

Ta yi aikin. Ta rarraba mutanenta a ƙananan kwale-kwalen jirgin suna binciken kaya, ta kama 'yan fasa-ƙwauri har da na manyan attajirai, ta kuma bankaɗo makircin Jamhuriyar Haven, wadda ke ba mutanen duniyar Medusa bindigogi da ƙwaya domin su tayar da fitinar da za ta zame mata hujjar mamaya. A ƙarshe Fearless ya bi wani jirgi mai suna Sirius, wanda ya yi shigar jirgin kaya alhali cike yake da makamai, ya kuma ninka shi girma sau da yawa. Tsawon wannan tsere ana ta yi masa luguden wuta, ɗaki bayan ɗaki yana fashewa, mutane suna mutuwa, har da shugabar injiniyoyi Dominica Santos. Sai da kyaftin ɗin Sirius ya ga kamar ya gama da shi, ya juyo ya matso don ya ƙarasa, sannan mashin ya samu kaiwa. Makamin Hemphill ne ya ci yaƙin, amma da gawarwaki aka sayi tazarar da yake bukata. Jirgin bai sake moruwa ba, aka wargaza shi, aka ba wani sabo sunansa.

Ina ɗalibi, kaina na ɗauka a matsayin Honor, kamar yadda kowane mai karatu yake yi. Bayan na kammala digirina na uku aka sa ni cikin kwamitin sake fasalin darussan sashenmu. A lokacin kaina ya cika da sababbin ra'o'in tarken adabi, ina ganin duk wanda bai san su ba yana cikin duhu. Sa'o'in mako kuwa ƙididdigaggu ne, kamar cikin jirgi. Na yi ta jayayya har na shawo kan 'yan kwamiti aka rage sa'o'in karatun ajami, aka haɗe arulin waƙa da wani darasi, aka matse ƙa'idojin rubutu cikin zango ɗaya, duk domin darasina ya samu fili. Wani dattijon malami ya ce mini, “Dakta, a dai yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido.” Na yi murmushi irin na yaro mai sabon takalmi. Shekarar farko ɗalibanmu suka burge baƙon da ya zo duba jarrabawa, ni ma aka yi mini tafi.

Bayan shekara 3 wata tsohuwar ɗalibata, wadda tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari, ta zo ofishina bayan ta gama bautar ƙasa. Ta ce a garin da aka tura ta koyarwa, wani dattijo a zango ya ji labarin an kawo mai digirin Hausa, ya ɗauko waƙar kakansa rubutacciya da ajami cikin gafaka, ya miƙa mata a gaban jama'a ta karanta. Ta riƙe takardar ta kasa wuce baiti biyu. Ta ce, “Malam, na san abin da zan faɗa a kan waƙar da a ce na iya karanta ta.” Ba ta zo ƙorafi ba. Ta shaida mini cewa wata 7 ta yi tana zuwa wajen wata gwaggo mai koyar da yara allo bayan la'asar, har ta iya, ta kuma juye waƙar zuwa boko ta kawo mini. Daren ranar na sauko da littafin Weber daga kanta, na karanta shi a matsayin Hemphill.

Adalci ne in faɗi cewa marubucin bai bar Hemphill a matsayin wawuya ba. A littattafan da suka biyo baya wasu daga cikin dabarunta ne suka ceci masarautar, har ita da Honor suka zo suna aiki tare. Haka ni ma ban yi nadamar koyar da ra'o'in adabi ba, suna da amfaninsu. Kuskurenmu ɗaya ne ni da ita: mun auna abin da muka ƙera da filin atisaye, inda ake tafi, ba mu auna shi da Basilisk ba, inda mutum zai tsaya shi kaɗai babu mai agaza masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ba mu za mu kwana a ɗakin ba.

A ƙarshen littafin an kira Honor gaban hukumar makamai ta faɗi abin da ta gani. Ni ma na roƙi ɗalibar tawa ta rubuta abin da ya same ta, na haɗa da takardata ta neman a maido wa ajami da aruli sa'o'insu, ko da za a yanko su ne daga darasina. Kwamiti zai zauna a kai. Dattijon malamin nan ya yi ritaya, amma na je har gida na gaya masa. Bai ce komai ba sai, “To, madalla.” Allah ya sa waɗanda za mu yaye nan gaba su fita da ɗamararsu cikakkiya, amin.