Akuya Mai Yankakken Kunne

Hausawa na cewa akuya takan yi wayo da yankakken kunne. Mun sha kawo wannan karin magana a aji, mu feɗe shi, mu nuna wa ɗalibai hikimar da ke cikinsa. Amma ba mu taɓa tambayar kanmu ko wane irin wayo akuyar ta yi ba, sai da Allah ya haɗa mu da ita a bayan gidanmu a nan Ibadan.

Mahaifiyarmu ce ta aiko da ita daga ƙauyenmu na ƙasar Sakkwato, cikin motar dabbobi. Jar akuya ce, irin wadda mutanen Nijar ke kira akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Inna ta ji labarin cewa autarmu ba ta cin abinci sosai, ita kuwa a wurinta babu abin da ke gina yaro kamar nonon akuya. Ta ce a tatsa, a tafasa, a ba jikarta. Saƙon ya zo da bayani biyu. Na farko, akuyar tana da ciki, an kuma riƙe ranar da aka yi mata barbara. Na biyu, kunnenta na hagu guntu ne, wani mai gona ya yanke shi ranar da ta yi masa ɓarna. Yara suka sa mata suna Guntuwa.

Cikin akuya kwana 150 ne, ko ya ɗara kaɗan ko ya gaza kaɗan. Da muka ƙirga, sai muka ga saura wata 2. Da farko fargabarmu ba ta wuce ta ƙudan tsando da danshin Kudu ba, domin jar akuya ba ta da jimirin gajerun awakin nan wajen. Muka yi mata rumfa mai busasshen daɓe, muka tanadi dusa da harawa. Ashe matsalar tana wani wuri dabam: Guntuwa ba ta yarda hannu ya taɓa ta. Da ta ga an ɗaga hannu sai ta ja da baya iyakar igiya, ta sunkuyar da ƙaho. Cikin yana girma, abin yana ƙaruwa.

Wani zai ce, to, a bar ta mana. Ba ta baruwa. Akuyar da ba ta yarda a taɓa hantsarta ba za ta tatsu ba, ke nan burin Inna ya tashi a banza. Mafi muni, irin waɗannan awaki sun saba haihuwar tagwaye, idan kuwa ɗa ya zo a karkace, dole mutum ya sa hannu, in ba haka ba a rasa uwa da 'ya'ya.

Sai muka yi abin da mai gaggawa ke yi. Wata Asabar muka kama ƙahonta, babban ɗanmu ya riƙe ƙafafu, wai za mu duba hantsa. Ta yi kuka, ta fizge, ta faɗi a kan cikinta. Ranar ba ta ci komai ba, mu ma ba mu runtsa ba don tsoron kada ta yi ɓari.

Baba mai gadin unguwarmu, dattijo ne mutumin Maraɗi, ya ga abin da ya faru. Washegari ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Malam, da kai aka yanke wa kunne, za ka ƙara yarda da hannun da ya zo ta sama?" Muka ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce, "Ka zauna. Karatun nan a zaune ake yin sa."

Muka kuwa zauna. Kullum bayan la'asar sai mu ɗauki kujera 'yar tsugune da ƙwaryar dusa, mu zauna a gefenta, ba a gabanta ba, muna gyaran takardun ɗalibai kamar ba mu san da ita ba. Kwana 4 ba ta matso ba. A na biyar ta ci daga ƙwaryar tana hararar mu. Bayan mako guda muka ɗora bayan hannu a kafaɗarta tana cikin ci, muka janye tun kafin ta zabura. Baba ya ce sirrin ke nan: kai za ka riƙa janyewa, kada ka bari ita ta fara gudu. Daga kafaɗa muka kai gadon baya, daga nan sai gefen ciki na dama, inda ake jin motsin 'ya'ya, domin tumbi ne ya cika hagu. Hantsa ita ce ta ƙarshe, ita ma shafa kawai. Ya hana mu matsa kan nono kafin haihuwa, don kada a buɗe wa cuta ƙofa.

Ya kuma nuna mana jijiyoyi biyu da ke gefen gindin wutsiya, masu tauri kamar fensir. Ya ce ranar da muka laluba muka ji sun saki, haihuwa ta kusa.

A kwana na 148 muka laluba da safe, babu su. Hantsa ta cika tana sheƙi. Da dare ta fara tonon ƙasa, tana kwanciya tana tashi. Na farko ya zo yadda ake so, kofato biyu a gaba, hanci a bisansu. Na biyun ne ya tsaya. Ta yi ta nishi kusan rabin sa'a, sai kai da ƙafa guda kawai ake gani. Muka wanke hannu da sabulu, farce a yanke, uwargida tana riƙe da fitila, Baba yana faɗa mana abin yi. Muka fara ɗora hannu a kafaɗa kamar kullum, muka gangara a hankali. Guntuwa ta waiwayo ta dube mu, sannan ta mayar da kai ta kwantar. Muka lalubo ƙafar da ta lanƙwashe, muka miƙe ta, da ta sake nishi sai ga 'yar akuya ta sulluɓo. Muka share mata hanci, muka shafa wa cibiyoyinsu aidin, muka tsaya sai da kowannensu ya sha dakashi.

Bayan mako 2 muka fara tatsa, muna rage wa 'ya'yanta rabonsu. Abin da ake samu bai kai lita guda ba, amma ya ishi auta. Da muka gaya wa Inna yadda aka yi, ba ta yi mamaki ba, cewa ta yi, "Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Yanzu idan mun zo kan wancan karin magana a aji, mukan ƙara wani bayani. Wayon da akuya ta yi shi ne ta daina yarda, kuma wanda ya gaje ta shi ke biyan bashin wanda ya yi yankan. Mukan kuma lura da ɗalibin da ke zama can baya, wanda in an jefa masa tambaya sai ya sunkuyar da kai. Da mukan tsare shi a gaban 'yan'uwansa sai ya amsa. Yanzu mun rage.

Har yau Guntuwa ba ta yarda a taɓa kunnen nan na hagu, mu ma ba mu ƙara gwadawa ba.