Ziyarar Duwatsun Kagoro: Shirin da Ya Kamata Matafiyi Ya Yi

Da yawa daga cikinmu in an ce hutu, sai hankalinsu ya tafi ƙasashen waje, alhali kuwa a nan Jihar Kaduna akwai wuraren da suka isa a niƙi gari a je a kashe kwarkwatar ido. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dutsen Kagoro, wanda ke kusa da Kafanchan, tsayinsa kuwa ya haura mita 1,200 daga bakin teku. Amma fa dutsen nan ba dajin Allah ba ne da kowa zai faɗa masa yadda ya ga dama. Yana da masu shi, yana kuma da lokacinsa.

Kafanchan ita ce masaukin farko. Garin ya bunƙasa ne tun wajen 1927, sa'ad da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa na Fatakwal da Kaduna da Jos. Matafiyin yau dai mota zai shiga: daga Kaduna ya bi ta Kachia da Zonkwa, daga Jos kuwa ya gangaro ta Manchok. Ya kamata ya yi sammako domin ya isa da rana tsaka, ya kammala sayen guzurinsa a kasuwar garin.

Sai maganar lokaci. Ƙasar nan ta fi Kano da Katsina samun ruwa nesa ba kusa ba, damina takan faɗi tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. A wannan tsakani duwatsu suna santsi, ciyawa ta rufe turba, rafin da aka tsallake da safe yana iya hana mutum komowa da la'asar. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Wanda ya zo da farkon kaka zai tarar da mafaɗar ruwa ta Matsirga, kusa da Madakiya, tana zubowa da ƙarfinta daga tsayin kimanin mita 30. Wanda ya jinkirta zuwa ƙarshen Disamba kuma zai riski bikin Afan, wanda mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Afan a harshensu dutse ke nan, bikin kuwa tun asali na gama girbi ne da buɗe farauta.

Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna matsayin dutsen a wurinsu. A cikin kogunansa da lungunansa kakanninsu suka fake zamanin hare-hare, har yanzu kuma akwai wuraren da suke girmamawa. To, da ɗan gari akan ci gari. Kafin a ɗaga ƙafa sai a je a gai da hakimi ko mai unguwa, a faɗi yawan mutane da inda za a kwana da ranar saukowa, a nemi ja-gora ɗan ƙasa. Ba boyayyen abu ba ne cewa kudancin Kaduna ya sha fama da tashe-tashen hankula da satar mutane, don haka a tuntuɓi 'yan sanda game da halin da ake ciki. In suka ce kada a kwana a bisa, sai a hau da asuba, a sauko kafin magariba, a kwana a gari. Wannan ba ragonci ba ne.

In an sami izinin kwana, kaya kada su yi yawa, domin abin da ya yi sauƙi a gindin dutse yakan zama jidali a tsakiyarsa. Ana bukatar tanti, da bargo mai kauri saboda sanyin hunturu ya fi tsanani a bisa, da takalmi sau-ciki mai kama dutse, da tocila, da gidan sauro, da ɗan akwatin magani. Guzuri kuwa irin wanda ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi da dabino. Ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Babban haɗari dai shi ne wuta, gama ciyawar rani kamar fetur take. A share fili kafin a hura, a kuma kashe ta ƙurmus kafin a tashi, kada shayin baƙo ya cinye rumbun mai gida.

Bayan an sauko, kada a koma gida ba a leƙa ƙauyen Nok ba, a ƙasar Jaba kusa da Kwoi, inda ake noman citta. A nan ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, waɗanda daga baya Bernard Fagg ya bincika, aka gane sun haura shekara 2,000. Wasu daga cikinsu suna gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Kwana huɗu sun isa a zaga wuraren nan a tsanake: ɗaya na hanya da gaisuwa, biyu na dutse, ɗaya na Matsirga da Nok. Allah Ya kai mu kaka lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.